Yadda Ake Duba Cikin Mai Juna Biyu da Hannu, Mataki-Mataki: Jagora Ga Ɗaliban Ungozoma

Ƙorafin da ɗaliban ungozoma suka fi kawo mana guda ne. A aji sun haddace sassan mahaifa, da ƙasusuwan ƙugu, da ma'aunan kan jariri, har sun ci jarrabawa a kai. Amma ranar da aka tsayar da su gaban mai ciki a ɗakin awo, sai hannu ya rasa abin da yake taɓawa. Wannan kai ne ko ɗuwawu? Bayan ɗan yana dama ko hagu? Me ya sa tef ya nuna 34 alhali kati ya ce cikin mako 30 ne? Wannan jagorar ta bi aikin daki-daki, kuma duk wani ilimin ginin jiki da ake buƙata mun ajiye shi a gindin matakin da yake yi wa aiki. Ki bi jerin yadda yake, domin yawancin kurakuran da muke gani daga tsallake matakai biyu na farko suke fitowa.

Kayan aiki

Tef ɗin awo mai santimita wanda ba ya talewa, abin sauraron zuciyar ɗan, wato ƙahon Pinard ko na'urar Dofla da man da ake shafa mata, agogo mai nuna daƙiƙa, matasai biyu, zanen rufa, kalanda, katin awo da biro, sai ruwa da sabulu. Tef ɗin da ya tsufa yakan ƙara tsawo, sai ya riƙa rage wa kowane ciki awo. Ki gwada shi da rula lokaci-lokaci. Safar hannu ba dole ba ce wajen taɓa fatar ciki mai lafiya, sai idan akwai rauni, ƙuraje, jini ko ruwa.

1. Lissafa makonnin cikin kafin ki taɓa ta

Duk abin da hannunki zai ji, da makonnin ciki za ki auna shi. Idan lissafin ya karkace, sauran ma sun karkace.

Ki tambayi ranar da hailarta ta ƙarshe ta fara. Mata da yawa ranar da suka yi wanka suke faɗa, to ki sake tambaya a fili: ranar da kika fara ganin jini. Ki ƙara kwana 7, sannan ki ƙara wata 9. Wadda ta fara haila ranar 10 ga Maris, ana sa ran haihuwarta 17 ga Disamba. Wadda ta fara 28 ga Yuni, kwana 7 sun kai ta 5 ga Yuli, wata 9 kuma 5 ga Afrilu. A nan ɗalibai suke yin tuntuɓe, su manta cewa wata ya riga ya juya. Don sanin makonnin cikin a yau, ki ƙirga kwanaki daga ranar farkon hailar ki raba da 7: daga 10 ga Maris zuwa 6 ga Oktoba kwana 210 ne, wato mako 30 cif.

Wannan lissafi an gina shi ne a kan mace mai zagayen kwana 28. Dalili kuwa, bayan ƙwai ya fita, gurbin da ya bari a ma'ajiyar ƙwai yakan yi kusan kwana 14 yana fitar da sinadarin furojestaron. Idan ba a samu ciki ba sai gurbin ya mutu, haila ta zo. Wannan rabin na biyu kusan ba ya canzawa. Rabin farko, kafin fitar ƙwai, shi ne yake tsawo ko gajarta. Saboda haka mai zagayen kwana 35 ƙwanta yana fita ne wajen kwana na 21, sai ki ƙara kwana 7 a kan ranar haihuwar da kika samu. Mai zagayen kwana 24 kuma ki rage 4.

Hattara: kada ki dogara da ranar haila idan ta samu cikin tana shayarwa ba ta ga jini ba, ko ba ta daɗe da barin allura ko ƙwayar tazarar haihuwa ba, ko hailarta ba ta da tsari, ko jinin ƙarshen ɗan ɗigo ne da bai yi kama da wanda ta saba ba. A nan hoton ciki na watanni ukun farko ya fi komai. Hoton da aka yi a ƙarshen ciki yana iya kuskure da mako 2 zuwa 3, don haka ba a canza ranar haihuwa da shi idan akwai na farko. Motsin farko ma yana ɗan taimakawa: mai cikin fari takan ji wajen mako 18 zuwa 20, wadda ta taɓa haihuwa wajen 16 zuwa 18.

2. Shirya ta

Ki gaishe ta, ki faɗa mata abin da za ki yi, ki nemi izini: "Malama, zan duba kwanciyar jaririn da hannu, in kin ji zafi ki gaya mini." Ki tambaye ta ko ɗan yana motsi yadda ya saba, ko akwai jini, ruwa ko ciwo. Sannan ta je ta yi fitsari. Mafitsara tana gaban ƙasan mahaifa ne, daidai bayan ƙashin mara. In ta cika sai ta ɗaga mahaifa, tef ya ƙara santimita ɗaya, biyu ko fiye, ta kuma tare ki daga jin kan ɗan, ga zafi da matar za ta ji.

Ta kwanta da matashi a ƙarƙashin kai da kafaɗu, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe, hannuwa a gefe. Lanƙwasa gwiwa yana saki naman ciki. Ki buɗe daga ƙahon zuciya zuwa ƙashin mara kawai, ki rufe sauran. Ki wanke hannu, ki murza tafukanki su yi ɗumi, farce a yanke. Ki tsaya a damanta.

Hattara: daga mako 20 zuwa sama kada ta daɗe a rigingine shimfiɗe. Nauyin mahaifa yana danne babbar jijiyar da ke mayar da jinin ƙafafu da ƙugu zuwa zuciya, wadda take kwance a dama da ƙashin baya. Jinin da ke komawa zuciya ya ragu, awon jini ya faɗi, jinin da ke zuwa mabiyiya ma ya ragu. Idan ta ce tana jin jiri ko tashin zuciya, ko kika ga zufa ta keto mata, ki dakata ki juya ta gefen hagu nan take. Ki ma cusa matashi a ƙarƙashin kwankwasonta na dama tun farko.

Hattara ta biyu: idan ta ce jini yana zuba, to dubawar ta zama a hankali ƙwarai, ba dannawa da ƙarfi, kuma ba a sa yatsa a farji ko kaɗan har sai hoto ya nuna mabiyiya ba ta tare bakin mahaifa ba.

3. Duba da ido

Ki ba idonki rabin minti kafin hannu. Cikin da ya fi tsawo daga sama zuwa ƙasa yana nuna ɗan a miƙe yake. Wanda ya yi faɗi gefe da gefe, samansa a ƙasa-ƙasa, ki zargi gicciye. Wanda ya yi girma fiye da kima yana sheƙi, fata a ɗame, ki tuna da yawan ruwa ko tagwaye. Idan akwai ɗan kwarmi a daidai cibiya ko ƙasa da ita, sau da yawa bayan ɗan yana jingine da bayan uwa ne, gaɓoɓinsa suna gaba. Cikin da ya zubo gaba ba abin mamaki ba ne ga wadda ta yi haihuwa da yawa, amma ga mai cikin fari yana iya nuna kai ya kasa samun hanyar ƙugu.

Baƙin layin da ya tashi daga mara zuwa cibiya da nankarwa ba matsala ba ne. Abin da bai kamata ya wuce ki ba shi ne tabon aiki. Tabon fiɗar haihuwa yakan ɓuya a ƙasan mara cikin ninkin fata, kuma ba kowace mace ce za ta ambata ba sai an tambaya. Ki ɗaga fatar ki gani, ki tambayi aikin mene ne, sau nawa.

4. Nemo saman mahaifa ki auna

Mahaifar da ba ciki tsawonta kusan santimita 7.5 ne, nauyinta giram 50 zuwa 60, tana ɓoye cikin ƙugu. A ƙarshen ciki naman mahaifar kaɗai ya kai kusan kilo 1. Tana da sama mai kumburi, da gangar jiki, da ɗan siririn wuri tsakanin gangar jiki da bakin mahaifa, wanda shi ne yake miƙewa ya zama ƙasan mahaifa a watannin ƙarshe, sai kuma bakin mahaifa. Saman nan shi muke bi. A mako 12 ana fara jinsa daidai kan ƙashin mara. A mako 16 yana tsakiyar ƙashin mara da cibiya. Wajen mako 20 zuwa 22 ya kai cibiya. A mako 36 ya kai ƙahon zuciya, daga nan yakan ɗan sauko idan kai ya shiga ƙugu.

Ki sa gefen hannunki na hagu, ɓangaren ƙaramin yatsa, a ƙasan ƙahon zuciya. Ki riƙa saukowa a hankali kina ɗan dannawa har taushin hanji ya ƙare kika ci karo da tauri mai lanƙwasa. Nan ne. Ki lura, mahaifa mai ciki ta fi karkata dama, saboda babban hanji ya cike gefen hagu na ƙugu. Don haka wuri mafi tsawo ba lallai ya kasance a tsakiya ba. Ki auna daga inda yake, kada ki turo mahaifar tsakiya.

Awon tef yana farawa daga mako 24. Ki kifa tef ɗin yadda lambobin santimita suna kallon fata, ki sa farkonsa a saman mahaifa, ki ja shi bisa fata zuwa leɓen sama na ƙashin mara. Ki riƙe wurin da yatsa, sannan ki juya ki karanta. Kifawar nan tana da dalili: wanda ya san ciki mako 30 ne, hannunsa zai yi ta zamewa har tef ya ce 30. Sau ɗaya ake aunawa, a rubuta abin da aka samu, ko da bai yi daɗi ba.

Tsakanin mako 24 da 36, santimita suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da makonni, da rata ta 2 sama ko ƙasa. Bayan 36 ratar takan kai 3. Idan awo ya wuce haka, ki fara komawa mataki na 1 da na 2, wato lissafi da mafitsara. In sun tsaya daidai, awon da ya yi yawa yana iya zama tagwaye, yawan ruwa, ƙaton jariri musamman ga mai ciwon sukari, ƙarin mahaifa, ko ƙiba. Wanda ya gaza kuwa yana iya zama jaririn da ba ya girma, ƙarancin ruwa, gicciye, kai da ya shige ƙugu sosai, ko ɗan da ya mutu a ciki.

Hattara: leɓen sama na ƙashin mara ake nema, kuma sai an ɗan danna ake samunsa. Ɗalibai saboda kunya sukan tsaya a inda zane ya tsaya, awo ya gaza da santimita 2 ko 3. Ki nemi izini ki taɓa ƙashin. Kuma kada ki auna mahaifa tana ɗaure. Ɗaurewar gwaji marar zafi tana zuwa tana wucewa a rabin ciki na biyu. Ki jira ta saki.

5. Me ke saman mahaifa?

Daga nan zuwa mataki na 8 su ne dabarun da littattafai suke jingina wa Leopold, wani likitan haihuwa Bajamushe. Sun fi amfani daga mako 36. Kafin nan ɗan yana da filin juyawa: wajen mako 28, kusan ɗaya cikin biyar a zaune suke, amma a ƙarshen ciki 3 zuwa 4 cikin 100 ne kawai suke rage haka. Kada ki tayar wa uwa hankali a mako 30 don kin ji kai a sama.

Ki fuskanci fuskarta, ki sa tafukan hannu biyu a saman mahaifa, yatsu a haɗe. Da tafin yatsu ake ji. Tsinin yatsu yana sa mahaifa ta ɗaure, uwa ta ƙanƙame ciki. Ɗuwawu faɗi gare shi, da taushi-taushi, ba shi da tsayayyar siffa, kuma in kin motsa shi duk jikin ɗan yana biyowa. Kai kuwa mulmulalle ne mai tauri da santsi, in kin ɗan tura shi tsakanin hannuwanki sai ya tafi ya dawo ya bugi yatsunki, domin wuya ya ba shi damar motsi shi kaɗai. Wannan bambancin na motsi ya fi tauri abin dogaro, don ɗuwawun jaririn da ya miƙe ƙafafu sama yana iya yin tauri har ya ruɗe ki. Idan saman mahaifa wayam yake, ba kai ba ɗuwawu, ki neme su a gefuna.

6. Ina bayan yake?

Ki zamo da hannuwanki gefen ciki, daidai cibiya. Hannu ɗaya ya tokare mahaifa ya ɗan turo ɗan, ɗayan ya bi gefensa daga sama zuwa ƙasa yana ji. Sannan ki musanya. Baya dogo ne, mai santsi da tauri iri ɗaya ba yankewa. Ɗayan gefen kuma ƙulli-ƙulli ne masu gudu daga hannu, wato gwiwoyi, ƙafafu da gwiwar hannu, da gurabu masu taushi a tsakaninsu. In kin rasa, ki ɗan danna ɗuwawun daga sama zuwa ƙasa da hannu ɗaya. Bayan zai ƙara lanƙwasa ya fito. Ki kuma tambayi uwa inda ta fi jin harbi. Bayan yana ɗaya gefen.

Inda baya yake, nan ƙeya take. In kin ji faffaɗan baya kusa da tsakiyar ciki ta hagu, ƙeya tana hagu ta gaba, abin da ake rubutawa LOA a kati. In bayan yana can gefe sosai, ƙeya tana gefe. In kuwa gaɓoɓi ne ko'ina a gaba, dama da hagu, baya ya ƙi samuwa sai can kusa da kwiɓi, to ƙeya tana baya. Irin wannan kwanciyar takan zo da ciwon baya da doguwar naƙuda.

A wannan matakin ne kuma za ki kimanta ruwa. In ɗan yana ta zillewa, gaɓoɓi ba sa kamuwa, ruwa ya yi yawa. In mahaifa ta lafe a jikinsa ba ya motsuwa, ruwa ya yi kaɗan. Gaɓoɓi da yawa, ko manyan ƙulli uku, ko ƙaramin kai a cikin ƙaton ciki, duk suna nuna tagwaye.

Hattara: mahaifar da ta yi tauri kamar katako, ba ta saki, ga zafi, kuma ba kya iya jin sassan ɗan, alamar ɓallewar mabiyiya ce ko da ba a ga jini a waje ba. Ki bar dubawa ki kira taimako. Haka nan idan a lokacin naƙuda sassan ɗan suka fito ƙarara a ƙarƙashin fata, naƙuda ta tsaya cak, uwa ta galabaita, ki ɗauka mahaifa ta fashe.

7. Me ke ƙasa, kuma ya sunkuya?

Ki juya ki fuskanci ƙafafunta. Ta ƙara lanƙwasa gwiwa, ta riƙa numfashi a hankali ta baki. Ki sa hannu biyu a gefen ƙasan mahaifa, yatsu suna kallon ƙasa da ciki, ki nutsa su a duk lokacin da ta fitar da numfashi. Siffofin kai da ɗuwawu su ne dai na mataki na 5. Akwai kuma kamun Pawlik, inda ake buɗe babban yatsa da sauran yatsu a kama abin da ke kan ƙashin mara da hannu ɗaya. Yana da sauri, shi ya sa ake sonsa, amma yana da zafi. Mu dai shawararmu a ajiye shi sai hannu biyu sun kasa warware shakka.

Sanin cewa kai ne a ƙasa rabin amsa ne. Saura ki san wane faɗi na kan ne zai fuskanci ƙugu. Faɗin kai daga gefe zuwa gefe santimita 9.5 ne, wannan ba ya canzawa da kwanciya. Na gaba zuwa baya shi ne yake canzawa. In haɓa ta manne da ƙirji, faɗin daga ƙasan ƙeya zuwa babbar maɗiga ne, 9.5. In kai ya tsaya a miƙe, daga ƙeya zuwa goshi ne, 11.5. In goshi ne a gaba, daga haɓa zuwa tsakar kai ne, 13.5, kuma wannan ya fi kowane faɗi na ƙugu. In kai ya ɗage gaba ɗaya fuska ta zo gaba, ya koma 9.5.

Yadda za ki gane: yayin da hannuwanki suke sauka, ɗaya zai riga ɗaya cin karo da tudun ƙashi. In tudun yana gefen gaɓoɓi, goshi ne, kai ya sunkuya, haka ake so. In hannu biyu sun tsaya a tsayi ɗaya, kai a miƙe yake. In tudun yana gefe ɗaya da baya, har akwai kwari mai zurfi tsakaninsa da bayan, ƙeya ce ta ɗage, ki zargi fuska ko goshi.

8. Kai ya shiga ƙugu?

Ƙugu ƙasusuwa huɗu ne: manya biyu na gefe da suka haɗu a gaba a ƙashin mara, da ƙashin kwankwaso a baya, da ɗan ƙashin da ke ƙarshensa. Mashigarsa ta fi faɗi gefe da gefe, kusan santimita 13, gaba da baya kuwa 11. Tsakiyarsa kusan 12 ne ta kowace fuska. A mafita abin ya juye: gaba da baya 13, gefe da gefe 10 zuwa 11. Wannan ne ya sa kai yake shiga a karkace, ƙeya tana gefe, sannan ya juya a ciki ƙeya ta dawo gaba kafin ya fito. Don haka jin ƙeya a gefe kafin naƙuda ba laifi ba ne.

Ana cewa kai ya shiga idan wurinsa mafi faɗi ya wuce mashigar. Ana auna shi da kashi biyar. Ki jera yatsunki a kwance bisa kan ɗan, daga leɓen ƙashin mara zuwa sama, ki ga yatsu nawa kan ya ɗauka. Biyar, kai yana sama gaba ɗaya yana motsi, a rubuta 5/5. A 4/5 ya fara zama. A 3/5 ba ya motsi sosai amma bai shiga ba. Daga 2/5 zuwa ƙasa ya shiga. A 0/5 ba kya jin komai na kai ta ciki. Mai cikin fari kan yakan shiga daga wajen mako 36 zuwa 38, ko da yake wasu sai naƙuda. Ga wadda ta taɓa haihuwa, jira har naƙuda abu ne da aka saba.

Hattara: kan da ya nutse ƙwarai yakan sa ɗaliba ta kama kafaɗu ta ce ɗuwawu ne. In kin ji taushi a ƙasa, kuma ba ki sami kai a sama ba, kada ki rubuta komai sai wata ta sake dubawa ko an yi hoto. Kan da ya ƙi shiga a ƙarshen ciki kuma, ki tambayi abin da ya tare shi: mafitsara, mabiyiya a ƙasa, ƙari, yawan ruwa, ƙeya a baya, ko kan ya fi ƙugu. Kuma duk wadda kan ɗanta yake sama, ko yake gicciye ko a zaune, idan faya ta fashe igiyar cibiya tana iya rigan ɗan fitowa. Ki saurari zuciya nan take.

9. Saurari zuciyar ɗan

An bar wannan a ƙarshe ne domin sai kin san inda baya yake za ki san inda za ki sa ƙaho. Sautin ya fi fitowa ta bayan kafaɗar da ke gaba. In kai ne a ƙasa, ki nema ƙasa da cibiya a gefen da baya yake, tsakanin cibiya da tsinin ƙashin ƙugu na gaba. In a zaune yake, daidai cibiya ko sama da ita. In ƙeya tana baya, can gefe wajen kwiɓi ko kuma a tsakiya. Dofla tana kama bugu tun wajen mako 12, ƙahon Pinard kuwa sai wajen mako 24 zuwa sama.

Ki dasa faffaɗan bakin ƙahon a miƙe kan fata, ki sa kunne, ki ɗan danna da kanki, sannan ki cire hannu daga jikinsa, don yatsu suna ƙara hayaniya. Da hannun nan ki riƙe bugun jinin uwa a wuyan hannunta. Ki ƙirga minti ɗaya cur. Ƙirga daƙiƙa 15 a ninka sau 4 yana ɓoye faɗuwar bugu, kuma kuskuren bugu 2 ya zama 8. Daidai shi ne 110 zuwa 160 a minti.

Hattara: sautin huci mai tafiya tare da bugun uwa jinin jijiyoyin mahaifa ne, ba zuciyar ɗan ba. Uwa mai zazzaɓi ko ƙarancin jini bugunta yana iya kai 120, sai a rubuta shi a matsayin na ɗan da ya riga ya mutu. Dofla ma tana yin wannan kuskuren, lambar da ke fuskarta ba hujja ba ce in ba ki riƙe hannun uwa ba. A naƙuda ana saurare ne da zarar ɗaurewa ta saki, duk minti 15 zuwa 30 a zango na farko, wato kafin bakin mahaifa ya gama buɗewa, duk minti 5 a lokacin yunƙuri. In bugu ya gaza 110 ko ya wuce 160, ki juya ta hagu, ki duba zafin jikinta da bugunta, ki sake ƙirgawa, ki sanar da na gaba da ke. In ba ki ji komai ba, kada ki yanke hukunci kuma kada ki ce mata komai lafiya. Ki ce za ki kira wata ta saurara, ki kira.

10. Rubutawa da turawa

Ki taimaka mata ta juya gefe kafin ta tashi, ki rufe ta, ki wanke hannu, ki rubuta a take bisa jerin da kika bi. Misali: mako 36 da kwana 2, tef 35, a miƙe, kai a ƙasa, LOA, 3/5, bugu 142 mai tsari, bugun uwa 84, motsi yana nan. Abin da ba ki tabbatar ba ki rubuta cewa ba ki tabbatar ba. Sannan ki dubi awon baya. Tef da ya nuna 31, bayan mako biyu 31, bayan wasu biyu 32, ya fi awo guda da ya gaza da santimita 3 ban tsoro, ko da kowanne shi kaɗai ya yi kusa da daidai.

A tura ta ga likita ko hoto idan awo ya fita daga rata ko ya tsaya, ko ana zargin tagwaye ko matsalar ruwa, ko akwai tabon fiɗa, ko ɗan yana zaune ko gicciye daga mako 36, domin a lokacin ne ƙwararre yake iya gwada juya shi ta waje. Ɗaliba ba ta gwada wannan. Jini, mahaifa mai tauri da zafi, bugun da ya fita daga ƙa'ida, da raguwar motsi ba sa jiran ranar awo ta gaba. Ki faɗa wa uwa abin da kika samu da kalmomin da za ta gane, ki nuna mata da hannunta inda kai yake da inda baya yake, ki kuma gaya mata cewa ranar da ta ji motsin ya ragu ko ya canza, a ranar za ta dawo, ko da dare ne.